Gargaɗi sama da 1,300 a Revit, Alhamis zan miƙa aiki, in tsaya gyara ko in tura haka?

Mai zanen hostel: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gaji wani aikin hostel hawa uku daga wanda ya bar ofishinmu, yau na buɗe jerin gargaɗin Revit, manhajar da muke zanen gini da ita, na tarar sun haura 1,300. Mafi yawa na layin da ya ɗan kauce daga saiti ne, sai bango da ya hau kan bango, sai ɗakunan da yake cewa ba a rufe suke ba, da lambobin ƙofa da suka maimaitu. Alhamis zan tura wa QS, wato mai ƙididdige kayan gini da kuɗinsu, ya ciro bil. Laftof ɗina ram 32 ne, ba nauyi ke damuna ba. In yi kwana biyu ina gyara, ko in ba wani kuɗi ya gyara, ko in tura haka?

Ɗan Kantin Kwari: Wa alaikumus salam. Ka ƙara ram kawai oga, komai zai tafi daidai.

Mai zanen hostel: Ɗan'uwa ai na faɗa a sama, 32 ne.

Baban ofis: Yaro ka fitar da zanen zuwa manhajar AutoCAD ka huta. Mun yi shekara da shekaru muna fitar da bil ba wanda ya yi mana gargaɗi.

Hajiya QS: Don girman Allah kada ka tura haka. Ni abin nan ya taɓa cina. Wani ofis ya turo min aikin asibiti, na ciro adadin ƙofofi da tagogi daga jadawalin da Revit ke fitarwa kai tsaye tunda sun ce min an duba komai, ashe wani ya kwafi hawa na biyu ya manna shi sau biyu a wuri ɗaya, a ido ba ka ganin komai don ƙofa tana kan ƙofa daidai, amma jadawali yana ƙirga biyu. Bil ya fita, mai aiki ya kai wa wani ya duba masa, aka kira ni gaban mutane ana tambayata ina zan kai ƙofa 46 da babu su a gini. Wallahi kallon ɓarauniya aka yi min. Da na koma na buɗe jerin gargaɗin, ga shi nan Revit ya rubuta ƙarara cewa akwai abu iri ɗaya a wuri ɗaya kuma za a ƙirga shi sau biyu, yana nan tun farko cikin ɗaruruwan da ba wanda ya karanta. Ragowar kuɗina har yau ban gani ba, kuma wanda ya yi kwafin ko haƙuri bai ba ni ba.

Injiniyan rodi: Subhanallah, Allah ya mayar da alheri Hajiya. Amma ke ma da kin ƙirga hawa ɗaya da hannu da kin gano.

Hajiya QS: Injiniya kwana uku aka ba ni. In da hannu zan ƙirga to meye amfanin BIM ɗin da suke ta tallatawa, wato zanen da kwamfuta ke ƙirga kayan cikinsa da kanta?

Ɗalibi daga Zariya: Yaya ba duka za ka gyara ba. A wannan tagar ta gargaɗin akwai inda za ka fitar da jerin gaba ɗaya a fayil, kowane gargaɗi da lambar abin da ya shafa, da lambar za ka nemo shi. Fara da irin na Hajiya, sai bangon da ya hau kan bango, sai ɗakunan da ba a rufe ba don jadawali ba zai ba su faɗi ba sam. Na layin da ya kauce yawanci daga tsohon zanen AutoCAD ne da aka shigo da shi aka zana a kai, bar su sai bayan Alhamis. Kuma kar ka zaɓi duka ka danna gogewa, in bango ya tafi ƙofofi da tagogin jikinsa ma sun tafi.

Baban ofis: Kai da ko gini ɗaya ba ka miƙa ba kake koyar da mutane?

Ɗan Kantin Kwari: Ku daina wahala, ya yi odit wajen buɗe fayil shi kenan.

Ɗalibi daga Zariya: Odit lalacewar fayil yake dubawa, ba ya cire gargaɗi. Baba da girmanka, ban miƙa gini ba amma ka gwada ka gani.

Hajiya QS: Yaron nan gaskiya ya faɗa, a ƙyale shi.

Injiniyan rodi: In biya za ka yi, akwai wanda ya gyara mana namu a dubu 40.

Mai BIM na Abuja: Dubu 40? Wannan goge-goge ya yi muku ba gyara ba. Ni ƙasa da dubu 250 ba na taɓa irin wannan, don kowane bango sai na tambayi mai zane wanne ne na gaske.

Ɗan Kantin Kwari: Kawo dubu 15 da kwanon fura in gama maka kafin la'asar 😂

Mai zanen hostel: Hhh Allah ya shirye ka. Oga na Abuja, kwana nawa zai ɗauke ka?

Mai BIM na Abuja: Wace shekara ce Revit ɗinka tukuna? Ni 2025 nake amfani da shi.

Mai zanen hostel: 2022.

Injiniyan rodi: To tsaya nan! Kada ka ba shi. In ya buɗe a 2025 ya adana, kai ba za ka ƙara buɗe shi a 2022 ba, Revit ba ya komawa baya. Haka wani mai aikin famfo ya yi mana bara, bai tambayi kowa ba, muka wayi gari ofis gaba ɗaya ba mai iya buɗe fayil, sai tsohon kwafi na mako biyu baya muka koma.

Mai BIM na Abuja: A fitar da shi a IFC mana, wato fayil na gama-gari da manhajojin zane daban-daban ke buɗewa.

Injiniyan rodi: Ka taɓa gyara bangon da ya dawo daga IFC? Ni abin da ke min ciwo, me ya sa ba a rubuta shekarar Revit a takardar yarjejeniya tun ranar farko, kowa sai ya zo da tasa?

Hajiya QS: Wace yarjejeniya Injiniya, mai aikin da ko kuɗin zane sai an bi shi wata huɗu.