Ordinance na Mormon: sakramenti ne ko farilla?

'Yan uwa masu aikin fassara, ku kawo mini ɗauki. Ina rubutu kan yadda Katolika da mabiya Mormon suke kallon ceto, sai kalmar Turanci ordinance, da mabiya Mormon ke amfani da ita, ta tsaya mini a wuya, kwana uku ke nan.

Ga inda gizo ke saƙar. A 1842 Joseph Smith, wanda ya kafa cocin Mormon, ya rubuta ginshiƙan bangaskiyar mabiyansa guda 13. Na ukunsu ya ce ana samun ceto ta wurin fansar Almasihu, tare da biyayya ga dokokin bishara da kuma waɗannan abubuwan da nake nema wa suna. Su ne baftisma ta nitsarwa cikin ruwa, ɗora hannu don karɓar Ruhu Mai Tsarki, naɗin firist ga maza, da abin da ake yi a cikin haikali, har da ɗaurin auren da suka ce mutuwa ba ta warware shi. Kowanne yana tafe da alkawari tsakanin mutum da Allah.

Malam, na ga shawararka cewa a sa sakramenti a huta. Ka yi mini haƙuri, ban gamsu ba. Sakramenti a wurin Katolika guda bakwai ne, Majalisar Trent, babban taron shugabannin cocinsu, ta jaddada adadin a 1547, kuma koyarwarsu ita ce alherin Allah ke zuwa ta cikinsu, ba don tsarkin Fadan da ya yi hidimar ba. Su kuwa mabiya Mormon suna da kalmar, amma abu ɗaya tak suke kira da ita: burodi da ruwan da ake rabawa ranar Lahadi. In muka ɗora ta a kan sauran, mun sa musu magana a baki. Ga shi a 2001 Vatikan ta ce ba ta amince da baftismar Mormon ba, saboda sun saɓa kan fahimtar Triniti, wato Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Abin da masu shi suka raba, bai dace mai fassara ya haɗa da kalma ɗaya ba.

Doka ba za ta yi ba, don jimlar za ta koma "dokoki da dokoki". Ibada ta yi faɗi, addu'a ma ibada ce. Al'ada kuwa tana ragewa abin daraja.

Ni farilla ce ta kwanta mini. Kowane Bahaushe, Musulmi ko Kirista, ya san nauyinta a kunne: ka tsallake farilla ɗaya a alwala, alwala ba ta yi ba. Haka mabiya Mormon suke ɗaukar abin. Shi ya sa tun 1840 a garin Nauvoo na Amurka suka fara yin baftisma a madadin matattu, suna kafa hujja da 1 Korintiyawa 15:29, kuma har yau ana yin ta a haikalinsu na Accra da aka keɓe a 2004 da na Aba da aka keɓe a 2005. Ba wanda zai shiga ruwa saboda kakan da ya rasu shekara ɗari da suka wuce in a ganinsa abin nafila ne. Wanda ya san aikin hajji a madadin mamaci ba zai ji wannan baƙo ƙwarai ba, ko da yake tushen ya bambanta.

Yaya, gyaranki ya shiga: farilla mutum ke sauke ta da kansa, wannan kuwa sai mai ikon firist ya yi maka. Gaskiya ne, kuma fi'ili zai ɗauke nauyin. Mu ce "ya karɓi farillar ceto" ko "an yi masa farillan ceto", kada mu ce "ya sauke". Sakramenti mu bar wa Katolika kayansu.

Da farillar ceto zan tafi a rubutun. Saura kalmar endowment, sunan ɗaya daga cikin farillan da ake karɓa a cikin haikali. Wani ya kawo "baiwar haikali", ina jiran ra'ayinku.