Neman shawara: 'yata na son bin kareti har SEA Games, ga jarrabawa, ga Hajiya a Kano

Baban Yarinya, Kajang:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Na zo Malesiya a 2004 karatun digiri na biyu a Serdang, da niyyar in yi shekara biyu in koma gida. Kuɗin tallafi ya maƙale a hanya, na shiga koyar da lissafi gida-gida don in rufa wa kaina asiri. A nan Allah ya haɗa ni da maiɗakina, 'yar ƙabilar Malay ce, ƙanenta nake koyarwa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai so auren ba da farko. Sai da kawuna ya zo har nan, ya ga gidansu, ya yi salla a masallacin unguwarsu, ya koma ya ba da labari, sannan aka sa albarka. Na faɗi wannan ne don ku san ban taɓa yin abu a bayan idon iyayena ba.

Babbar 'yarmu shekararta 16, a nan aka haife ta, fasfonta na Malesiya ne. A watan Agusta na 2017, lokacin da aka yi wasannin Kudu maso Gabashin Asiya, wato SEA Games, a Kuala Lumpur, na kai ta kallon kareti. Tun ranar da ta ga ana ɗaga tutar Malesiya ba ta sake zama lafiya ba sai da na sa ta a kulob. Hoton Syakilla Salni, wadda ta ci zinare a Wasannin Asiya na Incheon a 2014, yana manne a bangon ɗakinta har yau.

Yanzu kocinta ya ce sunanta ya shiga cikin waɗanda za a tace don tawagar jiha a SUKMA ta 2026, wasannin jihohin Malesiya da za a yi a Selangor. Horo safe da yamma. Ya ce idan ta yi abin kirki za a iya kiranta Bukit Jalil, sansanin horon tawagar ƙasa, kuma SEA Games ta 2027 a Malesiya za a yi. To a shekarar SUKMA ɗin ce kuma za ta rubuta SPM, jarrabawar kammala sakandare. Hajiyata a Kano ta ce da ta gama in turo mata ita ta yi karatun likita a gabanta. Shekaranjiya da asuba na tarar da yarinyar a kicin tsaye kan sikeli, ta ƙi cin abincin dare don kada ta haura kilo 53, iyakar ajin nauyinta a gasa, ga leɓenta a fashe. Takardar amincewa tana kan firji, ranar Juma'a ake so in sa hannu. Na rasa tudun dafawa.

Tsohon Ɗan Kumite, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Malam, sa hannu yau, kada ka jira Juma'a. Shekara 11 na yi ina kumite, wato karetin karawa tsakanin mutum biyu, na san abin da nake faɗa. Kai ba ka san ƙasar da Allah ya ajiye 'yarka ba. Malesiya ba kanwar lasa ba ce a kareti. R. Puvaneswaran ya ci zinare a Wasannin Asiya na Busan a 2002 a ajin kilo 55, ya sake ci a Guangzhou a 2010. Shekara takwas tsakani, mutum yana riƙe da nauyinsa da saurinsa! A Guangzhou ɗin nan Ku Jin Keat ya ci na kata, wato nuna salon kareti ba tare da abokin karawa ba. A Incheon ban da Syakilla akwai Lim Chee Wei a kata. A Hangzhou, wasannin da aka yi a 2023, Arif Afifuddin ya ɗauko zinare a ajin kilo 84. Ka tuna a Wasannin Asiya da Japan da Iran da Kazakhstan ake karawa. Hanyar a shimfiɗe take: SUKMA, Bukit Jalil, SEA Games, Wasannin Asiya. Mu nan da kuɗin aljihunmu muke sayen safar hannu. Akwai shekarar da muka ciyo wa wata jiha lamba, alawus ɗinmu har gobe ba mu gan shi ba, a tasha muka kwana a hanyar dawowa. Jarrabawa ana sake ta, amma ƙuruciya ba ta dawowa.

Maman Biyu, Gombak:
Haba Malam na Kaduna. Ka lissafa mutum biyar cikin shekara ashirin da wani abu. Sauran ɗaruruwan da suka bar aji suka tafi horo fa, ina suke? Ɗana na fari ƙwallo ya bi, gwiwarsa ta lalace yana ɗan 17, ranar da aka shiga da shi tiyata ko mutum ɗaya daga kulob ɗin bai leƙo ba, ni da babansa muka biya komai. Har yanzu a zaune yake sallar nafila idan sanyi ya kama ƙafar. Kuma Baban Yarinya, ka san kareti sau ɗaya tak ya shiga Olamfik, a Tokyo? Babu shi a Paris a 2024, babu shi a Los Angeles a 2028. A Malesiya masu lambar Olamfik ne ake ba fanshon wata-wata. Zinaren SEA Games ringit (kuɗin Malesiya) 20,000 aka biya a 2023, na Wasannin Asiya 80,000. Kuɗi ne, ban musa ba, amma sau ɗaya ake bayarwa. Ka bar ta ta yi SPM da hankalinta a kwance.

Tsohon Ɗan Kumite, Kaduna:
Hajiya, Allah ya ba yaronki lafiya, amma ƙwallo daban, kareti daban. A kumite maki ake nema: yuko ɗaya, waza-ari biyu, ippon uku. Wanda ya kai duka da ƙarfi a fuska shi alƙali zai hukunta. Fashewar leɓe kuwa ko a wasan langa ana yi. Maganar sikeli, laifin koci ne ko na gida. A manya akwai ajin kilo 55 da na 61, a matsar da ita sama kawai. Shi ke nan an gama.

Baban Yarinya, Kajang:
Na gode muku. Amma don Allah kada a ɗora wa kocin laifi, mutumin kirki ne, shekara takwas yana tare da ita, lokacin da aikina ya tsaya wata shida bai karɓi ko sisi ba. Kuma Hajiya, 'yata ba ta bar aji ba. Ni da kaina nake yi mata lissafi bayan isha'i. Ba don kuɗi muke yi ba.

Ɗalibi a Sintok:
Yaya, ni tambayata ta addini ce. Da wace shiga take fita? Kuma da maza take horo? Budurwa ce fa yanzu.

Baban Yarinya, Kajang:
Ƙanena, ba yau na fara tarbiyya ba. Hukumar kareti ta duniya ta amince da ɗankwalin gasa tun 2013, baƙi ne, yana rufe gashi amma ba a yarda ya rufe maƙogwaro ba. Shi take sawa, rigar kuma har wuyan hannu, wandon har idon sawu. A gasa mata da mata suke karawa.

Ɗalibi a Sintok:
A gasa ka ce. A horo fa? Kuma wuya a buɗe ai ba hijabi ba ne. Ka tambayi malamai kafin ka tambayi 'yan wasa.

Alhaji daga Kwari:
Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Mahaifiya ta yi magana, sauran me? Ƙanena ya yi shekara 19 a waje, ya kawo yaransa hutu, ko gaisuwa ba su iya ba. Tsohuwarmu ta yi ta kuka a ɗaki, ta ce jikokinta sai da tafinta. Ta rasu ba su san ta ba, shi kuma ko jana'iza bai samu ba. Malam, yarinyar nan tana jin Hausa kuwa? Ka kawo ta gida. Idan karetin ne dole, ai Najeriya ma tana zuwa Wasannin Afirka, an yi a Accra a 2024. Ta wakilci ƙasar ubanta.

Maman Biyu, Gombak:
Alhaji, ba haka abin yake da sauƙi ba. Malesiya ba ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu ba. Ranar da yarinyar ta ɗauki fasfon Najeriya ta sa nata na nan cikin haɗari, da shi kuma take samun makaranta da asibiti a farashin 'yan ƙasa. Mu da muke sabunta biza kullum mun san darajar wannan katin. Bara sai da muka yi wata huɗu muna zarya a kan takardar maigidana.

Tsohon Ɗan Kumite, Kaduna:
Alhaji, da girmanka, kada ka kashe wa yarinya gaba. Ta baro inda ake da sansanin horo da likitan 'yan wasa ta zo inda muke shimfiɗa katifa a ƙasa? Masu cewa mace da kareti, ku je ku duba Feryal Abdelaziz ta Masar. Ita ce mace ta farko da ta ciyo wa Masar zinare a Olamfik, a kareti, a Tokyo. Musulma ce, 'yar Afirka. Malam, na sake faɗa maka, sa hannu. Hajiya za ta huce ranar da ta ga jikarta a talabijin.

Yayar Marayu, Yamai:
Ɗan'uwa, na karanta tun daga sama. Ka ba mu labarin kawunka da masallacin surukanka, amma ba ka faɗi abin da uwar yarinyar ta ce ba. Ba ka kuma faɗi matsayin da ta taɓa kaiwa a gasa ba, ko makinta a makaranta. Yarinyar da ke ƙin cin abinci a ɓoye, wannan shi ya fi tsaya mini a rai. Ka kai ta wurin likita kafin Juma'a, ko ka sa hannu ko ba ka sa ba.

Baban Yarinya, Kajang:
Yaya, maganar maiɗakina a bar ta, tsakaninmu ne. Ba a ɓoye take yi ba, duk 'yan ajinta haka suke yi kafin awo, bayan awon kuma tana cin abinci sosai. Alhaji, tana jin Hausa, mayarwa ce ke yi mata wuya, kuma duk Juma'a suna waya da Hajiya. Ban ce zan saɓa wa mahaifiyata ba. Cewa na yi likitancin ma ana iya yinsa a nan. Abin da nake tambaya shi ne ko akwai wanda ɗansa ya haɗa SUKMA da SPM a shekara ɗaya, ya gaya mini yadda suka yi.

Alhaji daga Kwari:
Wato ka riga ka yanke hukunci, shaida kake nema. Allah ya kyauta.

Tsohon Ɗan Kumite, Kaduna:
Turo mini bidiyon wasanta na ƙarshe ta akwatin sirri. Minti biyu ya ishe ni in gaya maka ko za ta kai Bukit Jalil.

Baban Yarinya, Kajang:
Ban yanke komai ba, Alhaji, wallahi. Hajiya ta kira ɗazu sau biyu, ban ɗauka ba. Yarinyar ta dawo daga horo, ta wanke ɗamararta ja da shuɗiya ta shanya a baranda, ta kalli firji, ta shige ɗaki. Har yanzu dai babu wanda ya amsa mini maganar SPM ɗin.