Unguwar 'yan boko ko cikin gari: ina zan kafa kanti?

Ɗan Ƙofar Sauri: Assalamu alaikum. Ina da jarin miliyan biyu da rabi, kantin kayan masarufi nake son buɗewa. Shago biyu na samu a Katsina, ɗaya kan hanyar Dutsin-Ma wajen jami'ar Umaru Musa, ɗaya cikin gari ta Ƙofar Marusa. Yayana ya ce in bi inda masu digiri suka fi yawa, wai can kuɗi yake. Zuwa Juma'a zan ba da amsa.

Malam Lissafi: Wa alaikumus salam. Yayanka yana da hujja, amma rabi. Yawan masu ilimi yana nuna yawan masu albashi, ba yawan kuɗi a hannu ba. Mai digiri ko HND (babbar difloma) a matakin albashi na 8 yake fara aikin gwamnati, mai NCE (takardar shaidar malanta) a na 7. Cinikinsu daga ƙarshen wata ne zuwa kwana biyar ko bakwai, sauran kwanakin sai littafin bashi. Kuma tun 2006 ba a sake ƙidayar jama'a ba, duk wanda ya ba ka adadin masu digiri na wata unguwa kintace ya yi. Ɗauki kwana uku ka zauna gaban kowane shago, bayan Asuba da bayan La'asar, ka ƙirga masu saye da abin da suke ɗauka: ƙulli ko kwali.

Hajiya Mai Atamfa: Ƙanena, ka buɗe POS kawai.

Baban Khalifa: Wani maƙwabcinmu ya bi wannan lissafi. Ya cika shago da indomi, madara da ruwan roba saboda ɗalibai. Aka shiga yajin aikin malaman jami'a na 2022, wata takwas. Madara ta lalace, kuɗin haya ya zagayo, masu bashi duk masu takarda, kowa na cewa sai an yi albashi. Firij ɗinsa ya sayar ya biya diloli. Yanzu Keke yake ja.

Malam Lissafi: Kuskurensa haɗa ɗalibai da ma'aikata. Ɗalibi baƙo ne, ko ba yajin aiki akwai hutu.

Abu Daura: Haya fa? Can wajen jami'a ba ka samun shago ƙasa da dubu ɗari uku.

Baban Khalifa: Wa ya ce? Ɗari da hamsin ma akwai, sai dai in ta hannun dillali ka bi.

Hajiya Mai Atamfa: Malam, da girmanka, ka taɓa auna sukari kuwa? Ɗan kasuwar da bai gama firamare ba yana sayen buhu, mai digiri na neman rabin kwano.

Na Goruba: Hajiya a yi mana sassauci, muna nan a wurin 😂

Abu Daura: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, mataki ɗaya ake ɗaukar mai HND da mai digiri, amma wajen ƙarin girma sai a tsayar da mai HND. Ga kwalejin fasaha ta tarayya an kawo mana Daura, yaran da za ta yaye haka za su tarar?

Ɗan Ƙofar Sauri: Jama'a, shagon fa?