Wane abin hawa ne zai iya da rairayin Gidimuni bai cinye jarin ƙungiya ba?

Ma'ajin ƴan garka: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Iyayena da yayyena, shawara ta kawo ni. Ƙungiyarmu ta masu garka a wajen Gidimuni ta ɗan tara abin da Allah ya hore, muna son abin hawa da zai riƙa fito mana da rake da tumatir da kabeji daga cikin kwari. Ranar Lahadi ya kai Mirriya, ranar Alhamis ya shigo Kasuwar Dole a Damagaram. Kwalta ba ta dame mu ba, rairayin da ke tsakaninmu da ita shi ne damuwar. Kuɗinmu ko kusa bai kai na sabuwar kat-kat, wato mota mai ja da taya huɗu, ba. Wasu sun ce dogon baro, babur ɗin nan mai taya uku na ɗaukar kaya, wasu sun ce tsohuwar Hilux, har an fara ɗaga murya a taro.

Yaro mai dogon baro: Wa alaikumus salam yaya. Ku sayi dogon baro ku huta. Da kuɗin tsohuwar Hilux guda za ku sami sabbi fiye da ɗaya, dal a leda, ba wanda ya riga ku wahalar da su. Mai kaɗan yake sha, kayan gyaransa kuma har a shagon ƙauye akwai. Da shi nake ci da iyayena, siminti da buhunan hatsi nake kwasa kullum cikin gari.

Makaniken Sabon Gari: Ƙanena, cikin gari ka ce. Ka taɓa shiga da shi hanyar da kat-kat suka riga suka tona? Malam ma'aji, ka duba hanyarku gobe da safe. Za ka ga sawu biyu, dama da hagu, inda ƙasa ta ɗan danne, sai tudun rairayi mai laushi a tsakiya. Mota mai taya huɗu tayoyinta na baya suna bin sawun na gaba. Dogon baro kuwa tayarsa ta gaba a kan wannan tudun na tsakiya za ta hau, tana noma rairayi, na baya kuma sun fi sawun mota matsewa, ba su zauna cikinsa daidai. Hanya uku yake buɗe wa kansa da injin da yawanci bai wuce cc 200 ko 250 ba. Sai direba ya yi ta murza wuta yana rabin kama kuloci, inji ya yi zafi, faifan ya ƙone. Irinsu nake kwancewa kowane mako. A kan jar ƙasa ko kwalta ba ni da ta cewa, abin kirki ne, muddin ba a tula masa kaya sama har ya kife a kwana ba.

Yaro mai dogon baro: To Baba, ai ana turawa.

Makaniken Sabon Gari: Ana turawa, in akwai masu turawa da ƙarfe huɗu na asuba.

Alhaji tsohon direba: Ku yaran yanzu ba ku san Peugeot 504 ba. Da ita muka yi Tanut, muka yi Gure, muka yi Magarya tun hanyoyin ba su ga kwalta mai kyau ba. Tun 1975 ake haɗa Peugeot a Kaduna, shi ya sa duk makaniken da ke tsakanin nan da Kano ya san cikinta. Mai buɗaɗɗen bayan nan, tayoyin baya kawai ke ja, amma in ka rage iska ka ɗauki giya ta biyu ba ka ɗaga ƙafa ba, za ta fita inda ba ka zata ba. Hannu ne, ba yawan ƙarfe ba.

Makaniken Sabon Gari: Allah ya ƙara girma Alhaji, ba wanda zai yi maka musu kan abin da ta yi a zamaninta. Amma an kusa shekara ashirin da daina ƙera ta. Waɗanda suka rage walda ce ke riƙe da su, kayan gyaran kuma cire nan a sa can ne. Mai 504 yau dole ya zama shi ne makaniken kansa. Waɗannan bayin Allah masu garka ne.

In kun ce Hilux, ga abin da zan faɗa, kuma ku riƙe shi. Ku nemi tsohon yayi mai injin gazuwal 3L ko 5L, wanda famfonsa ba ya buƙatar kwamfuta. Shi ne in ya tsaya a daji za a iya tashinsa da sifana da ɗan haƙuri. Sabon yayi mai kwamfuta ya fi ƙarfi ya fi daɗin tuƙi, amma gazuwal mai datti ko ruwa sau ɗaya ya isa ya kashe masa allurai, kuɗinsu kuwa sai ku sayar da raken shekara. Kada fenti ya ruɗe ku. Ku kwanta ƙarƙashinta da tocila ku bi shasi tun daga gaba har baya, musamman inda sifirin baya yake kamawa. In kun ga sabuwar walda an shafe ta da baƙin fenti, ku yi sallama ku tafi. Tun da zinariyar Jado ta fito a 2014 motoci da yawa suka yi aikin hamada da lodin da ya ninka ƙarfinsu, yanzu su ne ake wankewa a kawo kasuwa. Ku sa ƙaramar giyar kat-kat ku tabbatar tayoyin gaba suna ja da gaske, don akwai waɗanda an cire musu sandar gaba an bar rubutun 4WD a jiki. Ranar da kuka saya kuma ku canza bel ɗin cikin inji, wanda ƙa'idarsa kilomita 100,000 ce. Kada ku yarda da mai cewa bai daɗe da canzawa ba.

Malamin lakkal: Ni tambaya ce da ni. Turawa da ƴan Asiya sun yi ta ƙoƙarin ƙera mota mai araha don irin hanyoyinmu, me ya hana mu gani a nan? Akwai OX da Gordon Murray, mai zana motocin tsere a Ingila, ya fito da ita a 2016. A kwance ake aiko ta cikin kwantena, mutum uku su haɗa ta cikin kamar awa 12, ta ɗauki kilo 1,900 ko mutum 13. A Kenya an yi Mobius, ba ƙyale-ƙyale, an yi ta don ramuka, sai a watan Agusta 2024 kamfanin ya ba da sanarwar rufewa saboda bashi da haraji. Toyota ma ta fito da Hilux Champ a Tailan a ƙarshen 2023, mafi arha wajen dalar Amurka 13,000.

Makaniken Sabon Gari: Malam, karatu ya yi. Amma duka ukun da ka lissafa taya biyu ke ja, ba huɗu ba. An yi su don laka da duwatsu da ramuka, mu kuwa rairayi ne ciwonmu. Champ ɗin kuma kuɗin Tailan ka faɗa. Ka ɗora jirgin ruwa, ka ɗora duwan, ka tuna tun 2023 iyakar Benin ba ta koma yadda take ba, kaya ta Lome da Burkina suke zagayowa. Ko an ba ka OX kyauta, ranar da ƙarfe ɗaya ya karye a Gidimuni wa ke da shi a shago?

Malamin lakkal: Na karɓa. Sai dai abu ɗaya na masu OX ya shiga raina. A Ruwanda ba sayar wa manoma motar suke ba, masu lantarki suka zuba, manomi ya biya gwargwadon kilon kayansa da nisan tafiya. Ƙungiya za ta iya yin haka da makwabtanta, motar ba ta kwana biyar a mako tana jiran ranar kasuwa ba.

Hajiya mai man gyaɗa: Sannunku da ƙoƙari. Ni ƴar ƙurƙurar Hijet gare ni, tana kawo mini gyaɗa daga wajen Matamaye. Injinta cc 660, ƙa'idarta kilo 350, sitiyari a dama tunda daga Japan take. A hanyata ba ta taɓa ba ni kunya ba, amma ba zan ce ku saya ba, tayoyinta ƙanana ne, cikinta zai zauna a kan tudun nan da makanike ya faɗa. Abin da ya sa na sa baki daban ne. Ɗana ma'aji, motar ƙungiya ba rairayi ke kashe ta ba, rashin mai ita ne. Direba ɗaya, makulli a hannu ɗaya. Duk fita a cire kuɗin gyara a ajiye gefe tun kafin a raba komai, ko da motar lafiyarta lau. Ranar suna da ranar biki kuma duk wanda ya ara ya biya kamar baƙo, ko shugaban ƙungiya ne. In ba za ku iya wannan ba, ku bar kuɗinku inda yake. Araha ba ta ado.

Alhaji tsohon direba: Hajiya ta gama magana. Ni ma bari in sauko daga kan 504. Rake ba ya jin jiki: amalanken shanu ta fito da shi bakin kwalta, dogon baron yaron nan ya ɗauka daga can. Ba gazuwal, ba kuloci.

Ma'ajin ƴan garka: Baba Alhaji, haka muke yi yanzu da motocin haya. Rake da kabeji ba matsala. Tumatir ne ba ya son a sauke a sake lodi, kafin ya iso Damagaram rabin kwando ya zama ruwa, dillali ya karya kuɗin.

Yaro mai dogon baro: Ku lissafa mai ma. A 2024 an mai da litar esansi sefa 499, gazuwal 618, ga matatar mai ta SORAZ nan kan hanyar Tanut. Ruwa-ruwan kwalba kuma, man da ake shigowa da shi daga Najeriya, tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023 ya daina arha. Hilux za ta sha ninkin nawa.

Makaniken Sabon Gari: Za ta sha, ta kuma ɗauki ninkin naka a tafiya ɗaya. Malam ma'aji, ku zauna ku raba lissafin gida biyu: kwando nawa na tumatir kuke fitarwa daga sanyi zuwa bazara, dami nawa na rake. In rake ne ya rinjaya, shawarar Alhaji ta fi, ku ajiye sauran kuɗin. In tumatir ne, Hilux. Kuma duk wadda kuka gani, kada a gwada muku ita fanko a kan kwaltar Birni. Ku biya mai, a loda mata buhuna, a kai ta rairayinku da tsakar rana lokacin da ya fi laushi. Mai motar da ya ƙi, ya san abin da ya sani. Takardun duwan da kartagiris kuma lambar da ke jiki ta dace da wadda aka buga a shasi, harafi da harafi.

Ma'ajin ƴan garka: Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Ranar Juma'a bayan masallaci zan karanta wa ƴan ƙungiya duka. Baba makanike, in mun sami wadda ta kwanta mana, za ka iya zuwa da mu?

Makaniken Sabon Gari: In sha Allah, amma ban da Alhamis, gareji cike yake. Ku faɗa mini da kwana biyu.

Alhaji tsohon direba: Ku tafi da famfon iska da shebur. Kafin ku shiga rairayi ku sauke tayoyin zuwa kamar kilo ɗaya da rabi, da kun hau kwalta ku mayar, in ba haka ba gefen tayar zai yi zafi ya fashe kafin Mirriya.