Me za mu kira superdétaillage da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kalmar da ke gabanmu ta masu tara ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo ce a Faransa: superdétaillage. Muna neman mata suna da Hausa, wasu 'yan'uwa kuma sun kawo shawarwarinsu. Mutum ya sayi ɗan kan jirgi na kamfanin Jouef ko Märklin, maimakon ya ɗora shi a dogo ya yi ta kallo, sai ya kwance shi ya shiga gyara har ya zama sak da babban da aka kwaikwaya.

Awon da ya fi yaɗuwa shi ne HO, wato 1:87. Kan jirgi mai tsawon mita 17 da ɗoriya sai ya dawo santimita 20, kusan taƙi guda. Amma kamfani yawanci da roba yake zubawa, roba kuwa in ta yi siriri karyewa take yi. Ƙarfen da direba ke riƙewa ya hau, in an zuba shi da kaurin milimita 1, a babban jirgi ya zama milimita 87 ke nan, kamar a ce mutum ya kama taɓarya. Sai mai aikin ya sa reza ya kankare shi, ya huda 'yan ƙofofi, ya lanƙwasa wayar tagulla mai milimita 0.3 da hantsaki, ya soka ya ɗiga gam. Haka zai bi abin share gilashi, da tiyon birki, da fitila, hoton jirgi na gaske yana ajiye a gabansa, har lambar jikinsa.

Malamar da ta rubuto daga Tawa ta ba da kwalliya ko ƙawatawa. Malama, ki yi haƙuri, a nan ban bi ki ba. Kwalliya kyau take nema, ta kan ma ƙara abin da babu. Wannan kuwa in hoto ya nuna tsatsa a gefen tanki, tsatsa zai zana. In hayaƙi ya ɓata rufi, shi ma ɓatawa zai yi. Wannan ɓangaren Faransawa patine suke ce masa, ni a ganina tsufarwa ta wadatar.

Wani ƙane ya ce a bar ta yadda take, ai a Yamai makit muke cewa, wato maquette ta Faransanci, ƙaramin samfurin abu, kuma kowa ya gane. Ƙanena, makit gajera ce, baki ya saba da ita. Superdétaillage kuwa gaɓa biyar ce, kuma mai karatu a Kano ko Zariya ba zai tsinci kome a ciki ba.

Wadda ta fi kama hankalina ta wani dattijo ce, maƙeri a kasuwar Katako ta Yamai. Ya ce shi cika kama zai kira aikin, tunda kama dai akwai ta tun daga kamfani, ba ta cika ba ne. Baba, Allah ya ƙara girma, ka gano wurin. Gyara ɗaya zan roƙa: a rubuce, kama ta siffa da kama ta cafkewa iri ɗaya ne, mai karatu zai iya tuntuɓe. In muka ce cikon kamanni shi ke nan. Tana kuma juyuwa a zance: ya cika wa kan jirgin kamanni, wane gwanin cikon kamanni ne. Na san wani zai ce ciko na tuna masa haƙori. To, a haƙorin ma gurbi ake cikewa.

Saura iyakarta. Dogon Yamai zuwa Doso, wanda aka buɗe tasharsa ta Yamai a 2014, faɗinsa mita 1 ne, ba milimita 1435 na yawancin Turai ba. Dogon HO milimita 16.5 ne, don haka mai son kwaikwayon namu sai ya koma HOm, wato awon HO na dogo mai faɗin mita 1, mai milimita 12, ya matso da tayoyi ko ya sake su gaba ɗaya. Wannan ya wuce cikon kamanni, ya taɓa tafiyar jirgin. Na sa masa sauyin ƙafa kafin a samu wadda ta fi, masu ita su kawo.