Tumatirin da na shuka a ɗaki sai tsayi yake yana faɗuwa, ina mafita?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu harkar lambu ku taimaka min, wani abu na fara kamar wasa yanzu ya zame min jaraba. Gidan sama muke haya a nan Kano ba tsakar gida sai ɗan baranda, to ranar nan ina yanka kayan miya na ga wani tumatir jawur mai nama sai nace bari in matse 'ya'yan in gwada, na shanya su a takarda, na cika kiret ɗin ƙwai na kwali da ƙasar da almajirinmu ya ɗebo min a bayan layi, na sa biyu biyu a kowane rami na ajiye a tagar kicin. Kwana shida shiru har Abban Ilham ya fara tsokanata wai yaushe za a kawo kwanduna. Ran na bakwai da asuba na shiga ɗora ruwan shayi kawai sai ga wani ɗan siririn abu ya lanƙwaso kamar ƙugiya ya ɗago ƙasa a kansa, wlh sai da na taso yara daga barci su zo su gani. Kafin la'asar ya miƙe ya buɗe kunne biyu, wani ma ɓawon irin na maƙale a kansa kamar ya sa hula. Cikin ramuka 30 guda 24 sun tsiro, yanzu ko sallah na idar sai na leƙa su.

Damuwata yau kwanansu 12 sai tsayi suke sirara kamar zare duk sun karkata wajen taga, huɗu kuma na tashi na tarar sun kwanta, gindin ya tsuke kamar an ɗaure da zare. Kuma fa safe da yamma nake ba su ruwa ban taɓa fashi ba. Me nake yi ba daidai ba?

Ɗan_Kura:
Wa alaikumussalam Hajiya. Ai kin ba kanki amsa da kanki, ruwa yayi yawa rana tayi kaɗan. Tumatir ba ɗan ɗaki bane, tsayin nan da kike gani ba girma bane neman rana yake. Mu a nan in mun yi gadon raino mukan rufe shi da ciyawa ne kafin ya tsiro, ranar da ya huda ƙasa ranar muke yaye ciyawar, in ka yi sakaci kwana biyu haka zaka tarar dashi dogo fari ba ƙwari, kuma irin wannan ko an dasa wahala yake sha. Ki fitar dasu baranda su sha hantsi, amma kar ki sa su a ranar tsaka lokaci ɗaya zasu ƙone tunda basu saba ba, yau awa biyu gobe uku haka har su saba. Ruwa kuma ki taɓa ƙasar da yatsa, in da danshi ki ƙyale su. Inda biyu suka fito a rami ɗaya ki tsinke ƙaramin, nasan zaki ji tausayi amma dole ne. In sun yi sati uku zuwa huɗu da ganye huɗu ko biyar sai dashe, da yamma ake yi ba da rana ba. Kuma kin dace da lokaci, yanzu da hunturu ke shigowa shine lokacinsa, in aka kai Maris Afrilu zafi ya sauka fure yake ta zubewa ba 'ya'ya.

Sadauki99:
Duk wannan wahala akan tumatir? Hajiya ki bari Janairu ta yi, kwanon na kasuwar Kwanar Gafan zai ishe ki har kyauta 😂

Maman_Ilham:
Malam Sadauki kai dai baka taɓa ganin abin da ka binne da hannunka ya fito ba shi yasa. Baba Ɗan Kura na gode Allah ya ƙara girma, amma tsinke ƙaramin nan da wuya, Ilham har suna ta raɗa musu.

Anti_Bilki_Ingila:
Wayyo Maman Ilham kin tuna min kaina. Mu nan ba don sha'awa kaɗai muke rainon a ɗaki ba dole ce, damina ɗaya ce gajeriya ta ɗumi, in ka jira sai gari ya yi ɗumi kafin ka shuka to sanyi zai dawo 'ya'yan suna kore. Shi yasa a watan Maris muke shukawa a ɗaki kusa da hita, su yi sati shida zuwa takwas a taga, ba a fitar dasu sai ƙarshen Mayu in an tabbata sanyin daren nan mai daskarar da raɓa ya wuce, dare ɗaya ya ishe shi ya kashe su duka. Kuma wlh a lokacin da waje duk yayi toka toka, ƙarfe shida duhu, ka ga ɗan koren nan a taga ji kake kamar an aiko maka da gida, in na shafa ganyen na sunsuna hannuna ƙamshin nan kai tsaye lambun kakanmu yake kai ni. Dogayen nan naki kar ki zubar, shine daɗin tumatir, in zaki dasa ki binne karan har kusa da ganyen farko, duk inda ƙasa ta rufe saiwa yake fitarwa sai ma ya fi ƙarfi. Ki riƙa juya kiret ɗin kullum dan kar su karkace gefe ɗaya, kuma in zaki ɗaga ɗan tsiro ki kama ganye ba kara ba, ganye in ya tsinke wani zai fito kara in ya murje shikenan. Ke da kike da ranar Kano a ƙofar ɗaki ai mu ne abin tausayi, mu har fitila muke saya musu.

Malam_na_Samaru:
Huɗun da suka kwanta ba zasu tashi ba Hajiya, ki cire su da ƙasar ramin gaba ɗaya ki zubar. Cuta ce ta funfuna da ke cikin ƙasa, danshi da rashin iska ke tayar da ita, kuma kicin ga tururi ga ɗumi. Nan gaba ki haɗa yashi da takin awaki wanda ya ruɓe sosai da ɓuntun shinkafa da aka babbaka, ki turara ƙasar a tsohuwar tukunya ta huce kafin ki shuka, zurfin kuma kar ya wuce rabin gaɓar yatsa. Sai maganar iri. Na kasuwa da kika matse in irin su Roma VF ne ko UC82B to abin da kika gani shi zaki samu, amma in haibirid ne, wato wanda aka haɗa iri biyu aka samar, mai rubutun F1 a jikin ledar irinsa, 'ya'yansa kowa kamarsa daban, wani babba wani ƙanana. Kuma in zaki sake cire iri ki bar shi da ruwansa a kofi kwana biyu zuwa uku ya ɗan yi tsami, yauƙin nan da ke jikinsa yana hana tsiro da wuri, sai ki wanke ki shanya a inuwa.

Ɗan_Kura:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai iyayenmu shekara da shekaru daga gona suke cire iri ba su san wata leda ba kuma suna cika mota. Ni abin da yafi damuna Sharon ne, tsutsar nan mai shiga cikin ganye, wanda ya ga 2016 a Kadawa da Kura ba sai an bashi labari ba, gona guda sai ta koma kamar an sa mata wuta. Hajiya ki yanki tsohon gidan sauro ki rufa musu a barandar, zai tare malam buɗe littafin da ke kawo ta, tsuntsaye ma in sun ga ɗanyen tsiro basa bari.

Maman_Ilham:
Na dawo da labari, yau kwana biyar suna baranda cikin gidan sauro, karan ya fara kauri har ya yi ɗan gashi gashi da launin shuni a ƙasa, ganyen gaske mai tsaga tsaga ya fito a guda 17, kuma Anti Bilki na sunsuna ƙamshin nan wlh gaskiyarki. Ƙananan ban iya tsinkewa ba na mayar dasu ledar fiya wata, maƙociyata ta ɗauki shida. Abban Ilham mai dariya jiya shi ya shigo da bokitan fenti guda biyar a but ɗin mota wai in huda gindinsu. Baba Ɗan Kura guda nawa zan sa a bokiti ɗaya?

Ɗan_Kura:
Ɗaya tak Hajiya, kuma ki kafa masa sanda tun ranar dashe. Ki ce wa Alhaji ya ƙaro bokiti.