Muhawara: daidai ne da aka hana farantin Starlink shigowa Kamaru?

Mai Caji, Kusiri: Slm jama'a ina kwananku. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun jiya. Na haye gadar Ngeli na shiga Njamena sayen batira, sai na tarar wani abokin sana'ata ya kafa farantin Starlink, mai kamo intanet kai tsaye daga taurarin ɗan Adam, a saman shagonsa, a fili kowa na gani, samari sun cika rumfar kowa da wayarsa, ka biya ya ba ka lambar wifi ka zauna a benci ka yi aikinka. Cadi ta ba kamfanin lasisi tun Nuwamban 2024, ya fara aiki a Yulin 2025. Mu kuma nan kogin Logon kawai ya raba mu da su, amma tun Afrilun 2024 duwan, wato kwastan, suka fitar da takarda cewa duk farantin da aka gani a iyaka a kama. Wlh ni ban ga dalili ba, kuskure aka yi.

Baffa, Marwa: Wa alaikumus salam. Ɗana ba kuskure ba ne, ni na goyi bayan hanawar kuma har gobe ina nan a kai. Ka manta inda muke zaune ne? Kolofata, Fotokol, Mora, mun san abin da muka gani a hannun Boko Haram. Layin waya da kake ganinsa sai da katin shaida ake ba ka, in an yi ɓarna da shi akwai sunan da za a bi. Shi wannan faranti mutum ya sa shi a jaka ya hau babur ya shiga tsibiran tafkin Cadi, ya ajiye a ƙasa ya kalli sama shi kenan yana magana da duniya, ba eriyar kowa ya bi ba. Wa zai san yana can?

Mai Caji, Kusiri: Allah ya ƙara girma Baffa, amma ai mai mugun nufi ba ya bi ta gaban duwan. Wanda takardar ta tsayar shi ne irina mai shago.

Ɗan Fibir, Garwa: Baffa a yi min izini in sa baki don aikina ne, shekaru ina bin ramin fibir, wato igiyar intanet da ake binnewa a ƙasa. Mutane da yawa sun ɗauka intanet daga eriyar unguwa yake fitowa. A'a, daga teku yake hawowa. Igiyoyi ne kwance a ƙarƙashin ruwa, SAT-3 ta sauka Duwala, WACS a Limbe, SAIL kuma a Kribi ta tafi har Burazil. Daga bakin teku sai fibir ta ɗauko shi ta ƙasa, wani sashe ya bi bututun man Doba zuwa Kribi, ta ratsa Ngaundere, Garwa, Marwa har Kusiri, tafiyar fiye da kilomita 1000, kuma babbar hanyar a hannun Camtel take, kamfanin sadarwa na gwamnati, sauran kamfanoni haya suke yi. To ka ga mu 'yan arewa a wutsiyar igiya muke. Katafila na gyaran hanya ta tono ta, ko ambaliya ta cinye gefen gada ta ja ta, abu ne da bai kai kaurin babban yatsa ba, in ya tsinke mu tsugunna cikin laka muna haɗa zare zare kamar gashi, kafin mu gama gari guda ya wuni ba rezo, wato ba sabis. Kun tuna 14 ga Maris 2024, farkon azumi, da igiyoyi huɗu suka lalace a tekun wajen Kodibuwa? Ƙasashe nawa suka ji a jikinsu, har da mu. Shi Starlink taurarinsa suna yawo ne kamar kilomita 550 a sama, ba irin na da ba masu nisan kusan 36,000, shi ya sa ba ya jinkiri sosai, kuma ba ruwansa da ramin da ke tsakanin Garwa da Marwa. Ni abin da nake so kenan, hanya ta biyu. Gida mai ƙofa ɗaya in gobara ta tashi ta ina za a fita.

Hajiya mai atamfa, Marwa: Ni fa duk wannan bai dame ni ba kamar kuɗin da ke maƙalewa. Ran kasuwa wata ta zo daga ƙauye ta zaɓi turmi uku, ɗanta ya turo kuɗin ta waya daga Yawunde, an cire a wajensa ni bai shigo min ba, muka zauna ni da ita daga azahar har la'asar muna kallon waya, motar garinsu ta tashi ta bar ta, a gidana ta kwana. Kuma tun 2022 ana cire mana harajin 0.2 cikin ɗari a turawa da cirewa. In za a karɓa a gyara mana rezo mana.

Malama, Ngaundere: Sannu Hajiya, Allah ya kyauta. Amma ranki ya daɗe farantin ba zai warware miki wannan ba, kuɗin waya ta layin kamfani yake bi. Kuma ina so mu faɗa wa juna gsky, wa zai iya sayen abin nan? Kuɗin faranti daban, na wata daban, sannan yana cin wuta kamar wat 50 zuwa 100 muddin yana kunne, ƙauyen da ba wuta sai an haɗa da sola da batir. Ɗalibaina da ke neman yadda za su tura takardun konkur, wato jarrabawar neman gurbi, ba su da kuɗin forfe, wato data, na sati ma. Tsorona in masu hali da ofisoshi da manyan 'yan kasuwa suka koma sama, wa zai rage yana matsa wa kamfanonin ƙasa lamba? A 2023 da aka yi gangamin sa waya a yanayin jirgi don nuna fushi kan tsada da rashin ingancin rezo, ya yi tasiri ne saboda kowa abin ya shafa, mai kuɗi da talaka.

Mai Caji, Kusiri: Malama ba kowa zai saya ba ai, mutum ɗaya ne zai saya unguwa ta sha. Abin da na gani da idona kenan a Njamena, har wata yarinya da hijabinta zaune a gefe tana cike fom a kwamfuta.

Ɗan Njamena: Slm 'yan uwa na ƙetare. Baffa da girmanka, kalmar tsaro ɗin nan mu mun san ɗacinta. Daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 an toshe mana WhatsApp da Facebook, wata 16 cur, da sunan tsaro, sai da VPN, manhajar kauce wa toshewa, muke gaisawa da 'yan uwa kuma VPN ɗin cin kredi yake kamar wuta. Ku ma a 2017 an yanke wa yankunan masu Turanci intanet wata uku. Duk wanda makunni ke hannunsa wata rana zai kashe, shi ya sa ni na yi murna da zuwan abin da ba a nan makunninsa yake ba.

Baffa, Marwa: To ɗana ka kawo ni inda nake so. Ba a nan yake ba, a ina yake? A hannun mutum ɗaya a Amurka, Elon Musk, mai SpaceX, kamfanin da ke da Starlink. A 2022 Yukiren ta roƙi a kunna mata shi a wajen Kirimiya ya ƙi, da bakinsa ya faɗa. A Sudan nan maƙwabtanku da layuka suka ɗauke a 2024, a yankunan da dakarun RSF masu yaƙi da sojan ƙasar ke riƙe da su farantan nan aka koma, masu bindiga na cin kuɗi a kai. Gwamnatinka ko ba ka sonta ka san ƙofar ofishinta, mu nan akwai ART, hukumar kula da sadarwa, a Yawunde, akwai ɗan majalisar da zai zo neman ƙuri'arka. Shi wancan in ya kashe ran da ya ga dama wa za ka kai wa kuka? Kuma kuɗin wata da za a riƙa biya duk waje zai fita, ba eriya ya gina a Mokolo ba, ba yaranmu ya ɗauka gadi ba.

Ɗan Fibir, Garwa: Wannan maganar taka ta ƙarshe tana da nauyi Baffa, ban musa ba, ni kaina abincina a ramin fibir yake. Amma lasisi ai shi ne maganin abin da kake tsoro. Nijeriya ta ba su tun tuni suka fara a Janairun 2023, Nijar ma ta ba su. In kamfani ya shigo da takarda za ka iya ce masa kowane faranti da sunan mai shi, ka biya haraji, ka buɗe ofis a ƙasa. Kuma farantin yana da GPS a cikinsa, kamfanin ya san inda kowanne yake zaune. In ka hana, abin zai shigo ta kwalekwale da rajistar wata ƙasa, ba ka da sunan kowa ba ka da sisi.

Malama, Ngaundere: In har za a sa sharaɗi to a sa makarantu da asibitocin ƙauye a ciki, su fara samu kafin gidajen manya. Ban da haka ni ba na goyon baya.

Baffa, Marwa: Kamfanin ya san inda yake, na ji. Mu fa? Zai faɗa wa jandarmanmu in sun tambaya, ko sai ya ga dama? Ku amsa min wannan tukuna. Mai Caji, abokin naka na Njamena da ya saya, an karɓi katin shaidarsa ko kuɗi kawai ya miƙa?

Mai Caji, Kusiri: Ban tambaye shi ba Baffa, amma jibi in Allah ya kai mu zan sake hayewa karɓo sauran batiran. Zan tambaye shi takardun da ya cike, in ya yarda in ɗauko hotonsu in rufe sunansa in turo ku gani.